Wa Ya Faɗa, Kuma Ina Hujja? Matasa da Karatun Tarihi

 

An nemi in yi magana a kan yadda za a jawo matasa ga karatun tarihi, da abin da hakan zai tsinana wa dimokuraɗiyya da zaman tare. Zan tsaya a kan ƙasarmu, galibi ma a kan garin nan na Kano, domin a nan ne kowa a cikinku zai iya fita ya bincika ko gaskiya na faɗa.

Bari mu fara da inda aka yi sakaci. Wajen shekarar karatu ta 2009 zuwa 2010 aka cire tarihi daga darussan firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya, aka cusa ɗan abin da ya rage a cikin darasin zamantakewa. A babbar sakandare aka bar shi ga wanda ya ga dama. Dalilan da aka bayar su ne yara ba sa son sa, malamansa sun yi ƙaranci, kuma wanda ya karanta shi ba ya samun aiki. Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1955, ta yi ta kuka. A 2018 Ministan Ilimi Malam Adamu Adamu ya ba da umarnin a maido da shi, a 2022 kuma aka ƙaddamar da horar da malamai 3,700, wato ɗari daga kowace jiha da Abuja.

Ku yi lissafi da ni. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2009 yana ɗan shekara shida, a 2023 ya cika ashirin. Shi ne ya riƙe katin zaɓe karo na farko a waccan shekarar. Mutum fiye da miliyan 93 ne suka yi rajista, kusan kashi 40 cikin 100 'yan shekara 18 zuwa 34 ne, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Ba zan ce rashin darasin tarihi ne ya zaunar da mutane a gida ba. Akwai yunwa, akwai tsoro, akwai ƙarancin takardun naira da aka sha a lokacin, akwai kuma fid da rai. Abin da zan ce shi ne mun tura samari da 'yan mata rumfar zaɓe ba tare da wani ya zauna ya gaya musu yadda aka yi wannan rumfa ta samu ba.

To, an maido da darasin, madalla. Sai dai ina jin tsoron a maido mana da shi yadda muka san shi, domin wancan ɗin ma da laifinsa. Yaran da aka ce sun guje shi ba a banza suka gudu ba.

A wani bikin ba da kyaututtuka na wata makaranta aka fito da wani yaro, fes da shi cikin farar riga da hula, ya jero sarakunan Kano tun daga Bagauda har Alwali, arba'in da uku, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Aka yi ta tafi, iyaye suna liƙa masa kuɗi. Da aka tashi na kira shi gefe na ce, "Ɗan samari, Allah ya yi albarka. Ka ce Bagauda ya hau sarauta a shekarar 999. Ta yaya aka sani?" Ya ce, "Malam, a littafi yake." Na ce, "Wa ya rubuta littafin?" Ya sunkuyar da kai yana murza kuɗin da ke hannunsa. Yaron ba shi da laifi ko kaɗan. Abin da aka ce ya yi, ya yi shi da kyau.

Amsar tambayar ita ce darasin da ya fi jerin sunayen daɗi. Wancan jeri ya fito ne daga littafin tarihin Kano da aka rubuta da Larabci wajen ƙarshen ƙarni na 19, har yau kuma masana suna muhawara a kan wanda ya rubuta shi. Littafin bai kawo shekara 999 ba. Abin da yake kawowa shi ne wane ya yi shekara kaza yana sarauta, wane ya yi wata kaza. Wani Baturen mulki, Palmer, shi ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya riƙa tara shekarun sarauta yana komawa baya, har lissafi ya kai shi 999. Da marubucin ya tsallake sarki ɗaya, ko ya ƙara wa wani shekara goma, da lissafin ya goce. Wannan bai rage wa littafin daraja ba, taska ce da garuruwa kaɗan a Afirka suke da irinta. Amma yaron da aka nuna wa yadda aka samo 999 ya koyi abin da zai yi masa amfani har tsufansa: kowane labari da wanda ya faɗe shi, da lokacin da ya faɗa, da wanda yake so ya ji. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya zura hannu ya damƙo na ƙasa. Haka nake so mu koya wa yara su yi wa labari.

Ga wani misalin da ke kusa. Ku je Katsina ku tambayi labarin jihadi a farkon ƙarni na 19, sannan ku tsallaka Maraɗi, tafiyar da ba ta kai yini ba, ku sake tambaya. A can za ku tarar da zuriyar sarakunan da aka fitar daga birnin, har gobe kuma Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce wa sarkinsu. Haka Sarkin Suleja yake amsa sunan Sarkin Zazzau. Yaƙi ɗaya ne, amma wanda ya shiga gari da wanda ya fita ba za su ba da shi iri ɗaya ba. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya yi babban bincikensa a kan Katsina, ya ƙare rayuwarsa a Zariya yana horar da ɗalibai su tuhumi kowace majiya, ta Bature ce ko ta fada ko ta malamai, kafin su jingina da ita.

Ina wannan ya haɗu da dimokuraɗiyya? Ku duba wayoyin da ke aljihunku. Kullum sai an turo muku faifan murya a WhatsApp, wani wanda ba ku san fuskarsa ba yana rantsuwa cewa ƙabila kaza ta ƙulla kaza, ko an kashe mutum kaza a gari kaza, da hoton da wataƙila daga wata ƙasa aka ɗauko shi shekaru goma da suka wuce. Da dare ku kunna rediyo, sojojin baka sun shigo, kowa yana wanke ubangidansa yana shafa wa na wani baƙi. Lokacin kamfen a zo a ce wane ne ya gina kaza, alhali tun zamanin Gwamna Audu Baƙo abin yake tsaye. Wanda bai saba tambayar wa ya faɗa, yaushe, kuma me zai samu in na yarda ba, to duk wanda ya fi ɗaga murya shi zai tafi da ƙuri'arsa. A wasu lokutan ma ba ƙuri'a kaɗai ake tafiya da ita ba, har da hannunsa, a ɗora masa makami.

Yanzu zan zo kan abin da na fi so ku ɗalibai ku ji, domin labarin sa'o'inku ne.

Ranar 8 ga Agusta 1950, wasu mutum takwas suka taru a nan Kano suka kafa jam'iyyar NEPU. A cikinsu akwai Abba Maikwaru, da Bello Ijumu, da Maitama Sule, da Magaji Ɗambatta. Maitama Sule bai wuce shekara 21 ba a lokacin, Magaji Ɗambatta bai ma cika ashirin ba. Bello Ijumu kuwa Bayarabe ne daga lardin Kabba, ku riƙe wannan don ranar da wani zai ce muku siyasar talakawan Arewa ta ƙabila ɗaya ce. Malam Aminu Kano yana koyarwa a Maru a lokacin, yana da shekara talatin. Kafin shekarar ta ƙare ya ajiye aikin gwamnati ya dawo gida, a 1953 ya zama shugaban jam'iyyar. A cikin wannan wata na Agusta dai, wani tsohon malamin makaranta daga Bauci, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e gyara. Ku lura, mutum biyu da daga baya suka tsaya a jam'iyyu masu hamayya, ciwo ɗaya suka gani, magani ne kowa da nasa.

Mene ne ciwon? A wancan zamani En'e ce ke da 'yan doka, ita ke da kotun alƙali, ita ke da gidan yari, ita ke karɓar haraji da jangali. Wanda kake ƙara, shi ne mai kama ka, shi ne mai yi maka shari'a, shi ne mai tsare ka. Akwai aikin tilas. Talaka in ya hango hakimi sai ya tuɓe takalmi ya faɗi. Su waye suka ce ba su yarda ba? Teloli, da 'yan koli, da mahauta, da malaman zaure, da ƙananan ma'aikata. Tanko Yakasai tela ne kafin ya zama ɗan siyasa. An ɗaure su a kan yin lacca ba izini, irin wannan da muke yi yanzu hankali kwance. An yi musu bulala, an kore wasu daga garuruwansu, an sako musu 'yan dabar da ake kira 'yan mahaukata.

Zaɓen 1951 ma abin a koya wa yara ne dalla-dalla. Hawa-hawa aka yi shi: a zaɓi wakilai a ƙasa, su zaɓi na sama da su, har a kai matakin lardi. 'Yan NEPU suka yi rawar gani a matakan farko a birnin Kano. Amma doka ta ba En'e dama ta ƙara mutanenta a matakin ƙarshe, da aka kai can kuwa ko kujera ɗaya NEPU ba ta samu ba. Ba a saci akwati ba, ba a fasa kan kowa ba, ƙa'idar ce aka tsara yadda sakamakon zai fito haka. Ɗalibin da ya fahimci wannan zai san dalilin da ya sa ake faɗa a kan dokar zaɓe, da zaɓen fid da gwani ta hanyar wakilai, da wanda ke naɗa hukumar zaɓen ƙananan hukumomi. Sai a 1959 aka yi zaɓen tarayya kai tsaye da ƙuri'ar sirri a duk faɗin Arewa, a nan Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas.

Amma maza kaɗai suka yi wannan zaɓe. 'Yan matan da ke zaune can baya, ku saurara. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a 1959, matan Arewa ba su samu ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan babban zaɓe na 1979. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933, ta shiga NEPU tana 'yar shekara goma sha bakwai. Ta riƙa shiga gida-gida tana yi wa matan kulle magana, aka ɗaure ta fiye da sau goma, ciki har da nan Kano. Yau in an zo ranar zaɓe layin mata ya fi na maza tsawo a unguwanni da yawa, kuma 'yan siyasa sun san haka, shi ya sa suke zuwa da atamfa da sabulu da taliya. Ina so kowace yarinya ta san cewa abin da ake neman saya a hannunta da taliya, wata ta kwana a kurkuku a kansa. In ta ji wannan ta ga har yanzu za ta sayar, ruwanta, amma dai ta san farashin.

Gwagwarmayar ta yi 'ya'ya, ko da yake ta daɗe ba ta haihu ba. Bayan 1966 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A watan Oktoban 1979 gwamnoni biyu na PRP, jam'iyyar Malam Aminu ta lokacin, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Shekara ashirin da tara ke nan daga taron mutum takwas. A watan Yunin 1981 kuma majalisar Kaduna, wadda jam'iyyar NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa, gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya. Wannan ma darasi ne ga mai ganin in an zaɓi gwamna an gama, ɗan majalisa kuwa ko wa aka kawo a dangwala.

Na san a zauren nan akwai jikokin 'yan NPC, abokiyar hamayyar NEPU, na ga ma wani dattijo yana gyara zama. Ranka ya daɗe, ban manta ba. In malami ya shiga aji ya mai da NEPU mala'iku, NPC kuwa azzalumai, to ya koma gidan jiya, hadda ce dai aka sauya mata baiti. Gwamnatin NPC ta Sardauna ce ta kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da gidan rediyo da talabijin na Kaduna, da Bankin Arewa, ta kuma dage sai 'yan Arewa sun riƙe aikin gwamnatin yankinsu a lokacin da masu takardar sakandare a cikinmu ba su taka kara sun karya ba. Suna da hujjarsu ta cewa in aka rushe sarauta da gaggawa ba a san abin da zai maye gurbinta ba. Ga abin da zan so malami ya yi: ya ɗauko watan Maris na 1953, lokacin da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba Nijeriya mulkin kai a 1956, Sardauna kuma ya nemi a cire shekarar a bar shi sai lokacin da ya dace. Ya raba aji biyu, kowane ɓangare ya je ya nemo hujjar mutanensa, a zo a kara. Mako na gaba a musanya, mai kare Enahoro ya koma kare Sardauna. Daga nan a gaya musu cewa wannan saɓani ne ya gangaro titunan Kano a watan Mayu na shekarar, aka kwana huɗu ana rikici tsakanin birni da Sabon Gari, aka rasa rayuka. Yaron da ya taɓa tsayawa ya kare ra'ayin da ba nasa ba, da wuya ya ɗauki mai saɓa masa a matsayin wanda ya halatta a jefa.

Akwai wurin da ya fi wannan zafi, kuma ba zan tsallake shi ba. Yaronmu na nan ya tashi yana jin labarin 15 ga Janairun 1966, daren da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Zakariya Maimalari da sauransu. Gaskiya ne, an yi, kuma ciwon bai warke ba. Yaron Inugu kuma ya tashi yana jin labarin watan Mayu da Satumba da Oktoba na wannan shekarar, lokacin da aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, har da Kano, da yunwar da ta cinye yara a yaƙin da ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. Wannan ma gaskiya ne, an yi. Kowannensu rabin labari aka ba shi a gida, makaranta kuma ta yi gum. Sai su haɗu a sansanin bautar ƙasa ko a Facebook, kowa yana mamakin rashin kunyar ɗan'uwansa. Masu cewa a bar kaza cikin gashinta suna da abin dubawa, domin malamin da bai ƙware ba zai iya tayar da ƙura a aji. Sai dai shirun makaranta bai hana a ba da labarin ba. Ya bar shi ne a hannun wanda ya fi kowa fushi. A koyar da shi duka, a kuma haɗa da labarin waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunan matansu har ƙura ta lafa, domin su ma an yi su, wasunsu kakanninku ne.

A haɗa kuma da zaɓen 12 ga Yunin 1993. Alhaji Bashir Tofa ɗan Kano ne, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a NRC, amma Kanawa suka fi ba Abiola na SDP ƙuri'a, mutumin Abekuta. Yaran da ke hutun Ranar Dimokuraɗiyya a wannan rana kowace shekara, nawa ne a cikinsu suka san iyayensu sun taɓa yin haka?

To, ta yaya za a jawo matasan? Amsata ita ce a daina ba su tarihi a dafe, a tura su su nemo da kansu. A Jamus tun 1973 ake gasar tarihi ta 'yan makaranta da sunan shugaban ƙasa, kuma sharaɗinta shi ne yaro ya binciko abin da ya faru a garinsu ko a danginsu. Mu da muke da tsofaffi a kowane zaure, mun fi su kayan aiki.

Ga yadda abin yake in an yi shi. Yarinya 'yar aji biyu na babbar sakandare ta sami kakarta bayan la'asar, ta kai mata goro, ta ajiye waya a kan tabarma bayan ta nemi izinin ɗauka. Kada ta ce, "Kaka, ba ni tarihi," domin tsohuwa za ta ce ita me ta sani, a je wajen maza. Ta ce, "Kaka, ranar da kika fara jefa ƙuri'a, wa ya raka ki?" Sai ki ji baki ya buɗe: wane zane ta ɗaura, malam ya yarda ko sai da aka kai ruwa rana, hoton me ta dangwala wa, mabuɗin PRP ko gida da masara na NPN. Tsofaffinmu ba sa ƙirga da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa. Za ta ce shekarar canjin hannu, ki je ki gano 1972 ke nan. Shekarar canjin kuɗi, da aka bar fam da sule aka koma naira, 1973. Shekarar Maitatsine, 1980. In ta ce, "Buɗe adudun can," kada ki yi gaggawa. A ƙarƙashin tsofaffin zannuwa ake samun rasit ɗin haraji na marigayi, ya yi ja don tsufa, da sunan dagaci da adadin sulallan da aka biya, ko katin jam'iyya, ko wasiƙar ajami daga wani kawu da ya tafi Sudan a ƙasa bai dawo ba. Ki ɗauki hotonsa ki mayar mata da abinta inda yake. Sannan, kuma wannan shi ne zuciyar aikin, ki tambaye ta wa kuma ya ga abin, ki je ki same shi. In maganarsu ta saɓa, kada ki ce ɗaya ya yi ƙarya. Ki rubuta duka biyun, ki zo aji a tattauna dalilin saɓanin.

Kowace unguwa da tambayarta. Me ya sa ake ce wa unguwarku sunan da ake ce mata? Su wa suka fara zama, daga ina suka zo? Yaran birni za su gano a Kano akwai unguwar Ayagi ta Yarabawa da Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Dandalin Turawa na Larabawa, tun kafin Bature ya shigo a 1903, su kuma sake tunani a kan wa ake kira baƙo. Ina kududdufin da ke bayan gidanku ya tafi, wa ya cike shi, wa ya sa hannu, kuma me ya sa yanzu ruwa ke shiga ɗakuna duk damina? Ina ganuwar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, wa ya yanka ta filaye? Yaron da ya bi sawun fili ɗaya daga hannun mai unguwa zuwa ofishin ƙaramar hukuma ya koyi yadda mulki ke aiki fiye da wanda ya haddace rassan gwamnati uku. Yaran Talatar Mafara su tambayi abin da ya sami manoman Bakolori a 1980, da suka nemi diyyar gonakinsu aka amsa musu da bindiga.

Wuraren zuwa kuma ba su da nisa. Gidan Makama yana nan daura da fada. Gidan Ɗan Hausa yana nan. Gidan Mumbayya a Gwammaja, inda Malam Aminu ya zauna har rasuwarsa a 1983, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya shiga ya ga girman ɗakin da mutumin ya kwana a ciki, ya gwada da gidan kansilan unguwarsu. A Kaduna akwai Gidan Arewa da aka kafa a 1970 a gidan Sardauna, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, inda rahotannin Turawan mulki a kan gundumarku suke jibge. Tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, cike suke da wasiƙun masu karatu, da Hausar da yaro zai karanta ba sai an fassara masa ba.

Wannan ya kawo ni kan harshe, a taƙaice. Jarrabawa da Turanci ake yi, ban musa ba. Amma hirar da Hausa za a yi ta, ko Fulatanci, ko Barbarci, muhawarar ma a bar yara su fara yin ta da harshen da suke iya musu da shi. Na sha ganin yaron da ake ce wa daƙiƙi a aji, da aka ce ya faɗa da Hausa sai ya tashi ya kawo hujjar da ta ɗaure malam.

'Yan'uwana malamai za su ce aji ɗaya yara ɗari da ɗoriya, albashi ba ya kai wa ƙarshen wata, manhaja kuma ta cika maƙil. Haka ne, kuma ba zan tsaya nan in yi muku wa'azin haƙuri ba. Gwamnati ce ke da alhakin ɗaukar malaman tarihi na gaske, ta daina miƙa darasin ga duk wanda ba shi da aji a ranar. Abin da nake roƙo bai wuce aiki ɗaya a zango ba: yara biyar-biyar, waya ɗaya ta aro, tsoho ɗaya ko tsohuwa, shafi biyu na rubutu. A ƙarshen zango a gayyato waɗanda aka yi hira da su, da mai unguwa, da liman, da fasto in akwai, yara su karanta a gabansu. Za a yi gyara, za a yi musu, wani dattijo zai ce ba haka aka yi ba. A bar shi ya faɗi nasa, a ɗauka, a ƙara a fayil.

Iyayenmu kuma, ina neman alfarma. Mun saba cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. To, in yaron ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, me ka hango?" a gaya masa. In ya ƙara da cewa, "Baba, ta yaya ka sani?" kada a ce ya yi rashin kunya. Aikin da muka ba shi ke nan.

Shugabannin makarantu, abu biyu ne a wuyanku. Na farko, a sami wurin ajiya: kabad ɗaya mai makulli, da kwafin kowane faifai a kwamfutar makaranta, da sunan wanda aka yi hira da shi da ranar da unguwar, da yardarsa a rubuce ko a faɗe. In ba haka ba, ranar da aka sace wayar ko ta faɗa ruwa, aikin ya tafi. Na biyu, a tsara wa za a fara zuwa wurinsa. A zaɓen 1959 sai mai shekara 21 yake jefa ƙuri'a, don haka duk wanda ya yi wannan zaɓe yau ya doshi casa'in ko ya haura. Matan da suka fara zaɓe a 1976 da 1979 suna tsakanin sittin da wani abu zuwa sama. A zangon nan a fara da 'yan 1959, a sa yara su zaga unguwa su rubuto sunayen waɗanda suka rage kafin hutu, matan kuma a biyo da su a zango na gaba.

Shugaban taro, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi. Nan zan tsaya, in akwai tambaya a fara da ɗalibai.